Motar Gwangwani Mai Zuwa Samaru

Ni tun ina ƙarama ba na yarda da mutum haka kawai. Inna takan ce ko ruwan zamzam aka miƙo mini sai na shinshina kafin in sha. To da wannan halin na shiga hanyar Kumasi, ni da yaro ɗan shekara huɗu wanda ni na haife shi amma bai saba da ni ba, kuma tun daga Zariya abu ɗaya nake roƙon Allah: in kai shi hannun ubansa lafiya, kada wani ya raba ni da shi a hanya.

Ɗan farina ne, kuma a gidanmu na Jushi ba a wasa da kunyar ɗan fari. Ba ki kiran sunansa, ba ki ɗaukarsa a gaban mutane, in ya faɗi a gabanki sai ki kau da kai wata ta ɗaga shi. Ranar da aka yaye shi Inna ta zo Samaru, inda nake aure, ta goya abinta ta tafi. Ya tashi yana ce mata Mama, ni kuma Anti, ita tana ce masa angona. Da maigidana ya samu aiki a wata gonar kaji a Gana, ya yi shekara can shi kaɗai, sai ya aiko cewa in taho, kuma ƙafata ƙafar yaron, don a can zai fara makaranta. Inna ba ta ce a'a ba. Ta dai yi kwanaki ba ta cin abincin kirki.

Maƙwabciyata a Samaru, Malama Rifkatu, malamar nazare ce, ta san kan yara kamar yunwar cikinta. Ita ta zaunar da ni ta ce tafiya irin wannan da ƙaramin yaro, in ban tanadi kayan wasa ba zan gwammace kiɗa da karatu. Ta ce kada in sayi mai ƙara, kada in sayi abin da zai shiga baki ko hanci, kada in sayi mai gangarawa ƙarƙashin kujera. Kuma in bar kowanne a ledarsa, in riƙa fito da su ɗaya bayan ɗaya, don sabon abu shi ke ɗauke hankalin yaro. Na ji, na riƙe.

Da na shiga kasuwar Sabon Gari na tsaya gaban rumfar kayan wasa, sai na ga ban san me yaron yake so ba. Mai rumfar, wani ɗan Ibo mai bakin zuma, ya tambaye ni da Turancin buroka ko yaron mai son mota ne ko mai son ƙwallo. Haushin kaina ya sa na hau saye kamar mai huce takaici: bulolin roba manya da ake haɗawa, littafin zane da fensira masu kala, zaki na auduga, allon da ake rubutu a goge, da wata jar mota da ya rantse mini da Allahnsa ba ta da sauti. Ban yarda da shi ba, na ce ya gwada, ya gwada ta yi shiru. Ashe ɗan banzan ya zare batir ɗaya ne ya saka mini a leda daban.

Da na je ɗaukar yaron, Inna ta duba ledojin nan ɗaya bayan ɗaya ta taɓe baki. Ta shiga ɗaki ta fito da wata motar gwangwanin kifi, tayoyinta na tsohon silifa, an cika ta da murafun kwalba, ta ce in saka. Duk ta lotse, ga tsatsa a gefe. Na ce Inna, ƙasar waje fa za mu, sai a ce daga bola muka fito. Ta ce in saka dai. Don kada in yi mata musu na cusa ta can ƙasan jaka, ƙarƙashin ƙullin daddawa da kuka, da niyyar in mun isa in jefar.

Daga Zariya zuwa Legas na gane kurena. Ba mu wuce Kaduna ba ya fara kiran Mama. Na fito da allon, ya yi zane biyu ya ture. Na fito da zakin, ya kalle shi ya ƙara ƙarfin kukansa kamar na nuna masa dodo. Da na rasa yadda zan yi na saka wa jar motar batir, sai ga jiniya ta cika bas, wiu-wiu, har direba ya taka birki yana zaton 'yan sanda ne. Wani dattijo a bayana ya ce baiwar Allah, ko ki kashe ta ko mu sauka mu bar muku motar. Na zare batir ina tsine wa ɗan Ibon nan a zuciyata. Kuma duk kukan da yaron yake yi ban ɗora shi a cinya ba. Idon mutane na kaina, hannuna ya ƙi. Sai dai in ce, kai, yi shiru mana.

A Legas wani ɗan kamasho ya sayar mini da tikitin motar da ya ce kai tsaye za ta Kumasi ba sauka. Muka yini a tasha muna jiran motar da babu ita, daga baya aka cusa mu a wata da za ta sauke mu a hanya. Wanda ya ji tausayina a wajen wani mai shayi ne Basakkwace, ya ba ni ruwan zafi na dama wa yaron koko, ya ƙi karɓar ko sisi. Shi ma sai da na zuba ruwan a murfi na kurɓa tukuna na ba yaron.

A wannan motar Madam Efuwa ta shigo. Wata ƙatuwar mata ce 'yar Gana mai fataucin takalma, da tabarau rataye a wuya, ta zauna a kujerar da ke gefenmu ta cinye rabin hanyar wucewa. Tana jin Hausa irin ta zangon Kumasi, wadda ba ta raba ka da ki. Tun kafin mota ta tashi na lura idonta na kan yaron. Ta kalle shi, ta kalle ni, ta kalli ledar kayan wasa.

"Yaron wa ne?" ta ce.

Na ce, "Na gidanmu ne."

Haka ake cewa a wajenmu, ban taɓa buɗe baki na ce ɗana ne ba. Ta tambayi sunansa, na yi kamar ban ji ba. Ta maimaita, na ce ga shi nan ta tambaye shi. Shi kuma ya share majina ya ce sunansa angon Mama. Ta yi wani irin murmushi da bai yi mini ba, ta ciro biskit ta miƙa masa. Na fizge na mayar mata na ce ya ƙoshi.

Labaran masu satar yara da na sha ji a Samaru duk suka dawo mini. Haka aka ce suke, mata masu jiki da fara'a, su fara da alewa. Na kwance ɗankwalina na ɗaure bakinsa ɗaya a wuyan hannun yaron, ɗayan a nawa. Na ga ta saka tabarau ta ƙura wa ɗaurin ido, na ce a raina, kalla da kyau, sai dai ki haɗa da hannuna.

A Kwatano aka juye mu a wata motar, ita ma ta biyo mu, ta kuma zaɓi kujerar gefenmu alhali ga gurabe a gaba. Nan Faransanci ya rufe ni, ban san na'am ba ban san a'a ba. Mai canjin kuɗi ya cuce ni ina kallo, na sani, ba bakin da zan yi faɗa da shi. Na sayi wani abu kamar ƙosai na ci na ji ba ƙosai ba ne, sai kawai tuwon Inna ya faɗo mini a rai, hawaye ya zo na mayar da shi. Yaron ya ƙi cin komai sai ruwa. Na yage ledar bulolin na ba shi, ya haɗa biyu ya jefar da na uku ta taga. Na buɗe littafin zane, ya karya fensir. Duk ledar da na yage, Madam Efuwa sai ta ɗan leƙo ta kalli takardar farashin da ke manne a jiki. Da muka tsaya shan mai na juya zan ɗauki ruwa, na kama ta ta ɗaga waya tana ɗaukarsa hoto. Na ce mata da Turanci ta goge. Ta ce ita titi ta ɗauka. Wallahi da a Zariya ne da ta ji abin da ba ta taɓa ji ba.

A Lome hanya ta bi bakin teku. Nan ne kaɗai yaron ya yi shiru don kansa. Ya manna fuska da gilashi ya daɗe yana kallo, sai ya ja ɗankwalin da ke hannunmu ya ce, Anti, rafin Kubanni ya cika. Dariya ta kusa ƙwace mini, na so in rungume shi, na ga matar nan na kallonmu na fasa. Na ce masa ya zauna da kyau.

Da muka isa iyakar shiga Gana, rana ta take, aka ce kowa ya sauka da kayansa. Madam Efuwa da duk tafiyar nan ita ce ta ƙarshen sauka, yau ita ta fara dira. Na hango ta ta nufi wata jami'a mai kaki, tana magana ƙasa-ƙasa tana nuna mata waya, tana nuno mu da haɓa. Na ce shi ke nan, ashe da 'yan uwanta a nan.

Aka kira mu wani ɗaki mai tebur ɗaya da benci. Jami'ar ba ta yi mini tsawa ba, ta karɓi fasfona da takardar haihuwar yaron ta duba ta ajiye gefe, ta ce takarda kowa na iya bugawa. Ta sa na kwance ɗankwalin. Ta sa na zazzage ledar kayan wasa a kan tebur, ga su nan sababbi fil, ko takardar farashi ba a cire ba. Ta tambaye ni me ya sa yaron da ya fito daga gidansu ba shi da tsohon abin wasa ko ɗaya. Ta ce sun sha ganin irin wannan, a sayo sababbin kaya a rarrashi ɗan mutane har a ƙetare da shi. Sai a lokacin na gane. Duk tsawon hanyar nan da nake gadin yarona daga ɓarauniya, matar nan ni take gadi.

Madam Efuwa ce ta yi tafinta, don jami'ar ba ta jin Hausa. Ta tsuguna gaban yaron ta nuna ni ta ce wannan wace ce. Ya ce Anti ce. Ta ce ina Mama. Ya ce tana Jushi, ya fashe da kuka yana cewa a kai shi wajen Mama. Na hau bayani da ɗan Turancina na kwaleji, cewa ɗan fari ne, al'adarmu ce, kakarsa ce ta riƙe shi. Ina faɗa ina jin yadda maganar take fita kamar ƙarya. Jami'ar ta ce to uwa ce ni, in kira ɗana da sunansa ya zo. Na buɗe baki, sai na ga yatsana ya tafi kan takarda yana nuna sunan. Ita da Madam Efuwa suka kalli juna.

Na ce a kira mijina, layinsa bai shiga ba. Na ce a kira Inna, jami'ar ta ce kowa na iya ɗaga waya ya ce shi kaka ne. Ta ce za a ajiye yaron wajen masu kula da yara har a gama bincike, ni kuma in zauna nan. Na tambaya kwana nawa, ta ce ba ta sani ba. Wani jami'i ya shigo ya ɗauke shi ya nufi ƙofa, yaron na ta harbin iska.

Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Haliru!"

Tun ranar suna ban taɓa furta shi ba, ko ni kaɗai a ɗaki. Na kira da ƙarfin da har na waje suka leƙo. Bai waiwayo ba. Bai taɓa jin sunan a bakina ba, bai san da shi nake ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo a duk tafiyar.

Jami'ar ta ce a juye babbar jakar ma, a ga ko da wani abu. Aka juye a ƙasa. Zannuwa suka zube, ƙullin daddawa ya fashe ɗakin ya ɗauki wari, sai ga motar gwangwani ta faɗo ƙwaram, murafun kwalba suka watse a siminti.

Kukan ya tsaya cak. Ya yi ta zillo har mutumin ya sauke shi. Ya bi murafun nan ɗaya-ɗaya yana tsincewa, har wanda ya shiga ƙarƙashin takalmin jami'ar sai da ta ɗaga masa ƙafa. Ya jera su a cikin gwangwanin, ya kai motar can bakin ƙofa ya ajiye, ya tsuguna a bayanta. Bai tura ba. Ya ɗago ya dube ni yana jira.

Na san abin da yake jira. In na je gida Jushi nakan jiyo su ta taga shi da Inna, ita ce kwandasta, motar ba ta tashi sai an kira mata fasinja. Nakan yi kamar ban ji ba, in ce a raina tsohuwar nan ba ta da aiki. Na dubi jami'ar, na dubi mutanen da suka cika ƙofa, na durƙusa a kan simintin nan cikin garin daddawa, ni da ko dariya ban taɓa yi masa a gaban mutane ba.

Na ce, "Kwangila, Palladan, Samaru. Samaru, saura mutum ɗaya."

Ya ce ban buga jikin mota ba. Na buga benci da tafin hannu sau biyu. Ya turo ta yana yin ƙarar inji da leɓe, ya tsaya a ƙafar tebur ya sauke murfi ɗaya ya ce Kwangila, ya tsaya wajen jakata ya sauke wani, sannan ya taho kai tsaye ya dangana hancin motar da gwiwata.

"An zo Samaru," ya ce. "Kowa ya sauka."

Madam Efuwa ta matso, muryarta ta sauya. Ta tambaye shi wa yake zuwa gani a Samaru kullum haka. Ya ce Anti mana. Ta ce me ya sa. Ya dubi ƙofa, ya dube ta, ya rage murya kamar mai faɗin abin da aka hana shi.

"Mama ta ce daga cikin Anti na fito. Amma kar ki faɗa, tana jin kunya."

Ni ban san Inna ta gaya masa ba. Ban san inda motar nan take zuwa ba duk shekarun nan, na ɗauka bas ɗin da ke wucewa ta bakin titi yake kwaikwayo. Na jawo shi na danna a ƙirjina na yi kukan da ban yi ba ranar da Inna ta ɗauke shi, ban damu da wa ke kallo ba. Ya lafe a jikina, hannunsa ɗaya riƙe da motar.

Madam Efuwa ta fassara wa jami'ar kalma da kalma, ban ji ta rage komai ba. Jami'ar ta sake gwada layin mijina da wayarta, wannan karon ya shiga, suka yi magana. Ta buga mana hatimi ta miƙo takardun, ta ce mini da Turanci in riƙa kiran ɗana da sunansa, don ba ko'ina aka san al'adarmu ba. Na so in mayar mata da magana, na ga gaskiya ta faɗa.

Motarmu ta tafi ta bar mu, mu uku. Madam Efuwa ce ta tattara mini zannuwa, ta ɗaure sauran daddawar da hannunta tana yamutsa fuska, ta nemo wata motar. Ba ta ce in yi haƙuri ba. A hanya ne ta gaya mini cewa ɗan ƙanwarta a tasha aka ɗauke shi, shekarun baya, wata mata ce ta ba shi sabuwar ƙwallo, har yau ba labari. Ta ce tun daga nan in ta ga yaro na kuka a hannun wanda ba ya rarrashinsa, ba ta iya kau da kai. Ta sake ciro biskit ɗin nan ta miƙa masa. Na karɓa na shinshina, ta harare ni ta saman tabarau, na ba shi. Har muka shiga Kumasi yana kan cinyata.

Kayan kasuwar Sabon Gari kuwa, zakin da bulolin na rabar wa yaran zango, jar motar na ba wata maƙwabciya da ba ma shiri, da batir ɗinta cikakke. Motar gwangwanin tana nan, tayar gaba ta cire babansa ya yanko wata daga silifana.

Yanzu ya shiga makaranta, yana ce mini Umma, wani lokacin ya manta ya ce Anti. In ya dawo ya ci abinci sai ya loda murafunsa ya kai motar bakin ƙofa ya tsuguna yana jirana. Ranar farko da na kira masa Samaru ya girgiza kai ya ce ai an riga an zo Samaru, yanzu wajen Mama za a je, ita kaɗai ce a gida. Don haka nakan ajiye abin da nake yi in durƙusa, in buga ƙofa sau biyu in ce Palladan, Kwangila, Jushi, saura mutum ɗaya. Haliru, ja mu tafi.